Yadda Mai Zaizayar Ƙashin Baya Zai Koma Filin Wasa

A cikin mutanen da suka daina buga ƙwallo, ko shiga kokawa, ko fita sassarfa da safe a garin Sakkwato, akwai da yawa waɗanda abin da ya zaunar da su takarda ce guda ɗaya da suka karɓo daga ɗakin ɗaukar hoto na asibiti, wadda ta nuna cewa ƙashin bayansu ya fara zaizayewa. Daga ranar da aka karanta wa mutum wannan takarda sai ya shiga taka-tsantsan da kowane motsi, ya daina sunkuyawa, ya ƙaurace wa fili, bayan 'yan watanni kuma teɓa ta fito, ƙafafu sun yi sanyi, ciwon da ake gudu yana nan bai tafi ba. Wannan bayani an yi shi ne domin wanda likita ya tabbatar masa da zaizayar ƙashin baya, ko wanda ciwon baya yake tasar masa lokaci zuwa lokaci, kuma yake son komawa wasansa. Komawar mai yiwuwa ce ga mafi yawan mutane, amma tana da tsari, kuma ma'aunin tsarin shi ne yadda baya ya wayi gari kashegarin atisaye, ba yadda ya fito a hoto ba.

Abin da hoton yake nufi

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33: akwai 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai tauri daga waje da laushi mai ruwa-ruwa daga ciki, wanda yake yin irin aikin da gammo ke yi tsakanin kai da kaya. Yayin da shekaru suke tafiya ruwan cikin faifan yana raguwa, faifan ya yi siriri, wani lokaci ya bunƙuro ta gefe ɗaya, ƙananan gaɓoɓin da ke bayansa su yi kaushi, ƙashin kuma ya fitar da 'yan tsiro a gefe-gefe. Wannan duka shi ake kira zaizaya, kuma ta fi aukuwa a faifai biyu na ƙasan ƙugu, waɗanda za ka ga an rubuta su L4-L5 da L5-S1 a takardar sakamako, domin su ne suke ɗauke da nauyin gangar jiki gaba ɗaya.

Abin da ba a cika gaya wa majiyyaci ba shi ne, irin wannan hoto ana samunsa a wajen mutanen da ba su da ciwon komai. A shekarar 2015 wasu masana suka tattara bincike 33 da aka yi a kan mutane sama da 3,000 waɗanda bayansu ba ya ciwo, suka tarar cewa 37 cikin 100 na masu shekara 20 suna da alamar zaizayar faifai, a masu shekara 50 adadin ya kai 80 cikin 100, a masu shekara 80 kuwa 96 cikin 100. Idan da za a kwashi dattawan da ke sahun gaba a kowane masallacin Juma'a a saka su cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, kusan dukkansu za a rubuta musu abin da aka rubuta maka, alhali da ƙafarsu suka zo kuma da ita za su koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ba a iya nuna wata takamaimiyar cuta a ce ita ce sanadi. Saboda haka hoto yana da amfani wajen gano abu mai haɗari, amma ba ya iya faɗin ko za ka sake buga minti 90.

Akwai kuma dalilin da ya sa kwanciya ba ta gyara faifai. Jijiyoyin jini ba sa shiga cikinsa sosai, abincinsa yana tsattsafowa ne daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da shi, kuma matsawa da sakewa da tafiya ke yi suna taimaka wa wannan tsattsafi. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Jami'ar Deakin ta Ostareliya ya nuna cewa masu gudu a kai a kai faifansu ya fi ruwa da kauri a kan na waɗanda ba sa motsa jiki. Faifan da ya bunƙuro har ya danne jijiya ma sau da yawa jiki yakan shanye abin da ya fito cikin watanni, ba tare da an kai ga wuƙa ba.

Kafin a fara komai

Duk abin da zai biyo baya bai shafi mutumin da yake da ɗaya daga cikin alamomin haɗari ba, kuma a nan ba a yin jinkiri. Wanda fitsari ya riƙe masa, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓuce masa, ko ya daina jin taɓi a matsematsinsa da kewayen dubura, ko ƙafafunsa biyu suka fara mutuwa, wannan asibiti zai nufa a ranar, ko da tsakar dare ne, domin alama ce ta an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma kowace sa'a da ta wuce tana iya barin lahanin da ba zai gyaru ba. Haka nan wanda ƙafarsa ɗaya take ja a ƙasa, takalmi yana suɓuce masa ba tare da ya sani ba, ko ya kasa tsayawa a kan dunduniya ko a kan yatsun ƙafa, ya kamata likitan ƙashi ko na jijiya ya gan shi cikin gaggawa.

A ƙasarmu akwai wani abu da dole a sa a rai, wato tarin fuka na ƙashin baya. Ciwon baya da ya zo tare da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, wanda ba ya lafawa ko an kwanta, ba na atisaye ba ne, kuma idan aka bar shi yana iya cinye ƙashi har baya ya yi doro ko ƙafafu su shanye, alhali yana da magani. Mai sikila, da wanda aka taɓa yi wa maganin ciwon daji, da wanda ciwonsa ya fara bayan faɗuwa daga babur ko doki, da tsohuwar da ƙaramar faɗuwa ta jawo mata ciwo mai tsanani, duk sai an bincika su tukuna. Matashi ɗan ƙasa da shekara 20 da yake jin ciwo a gefe ɗaya idan ya gantsare baya shi ma lamarinsa daban ne, domin yana iya zama tsagewar ƙashi saboda yawan atisaye, kuma wannan hutu na watanni yake buƙata. Idan zaizayar a wuya take, kuma hannu ya fara kasa ɓalla maɓalli ko riƙe alƙalami, ko tafiya ta koma tangal-tangal, to babu maganar kokawa ko sa wa ƙwallo kai har sai ƙwararre ya yi magana.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin ƙashi da na jijiya da sashen masu gashin ƙashi, akwai kuma Asibitin Ƙwararru a cikin gari da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Idan ka je, kada ka tsaya a kan cewa bayanka yana ciwo. Ka faɗa wa likita wasan da kake son komawa, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da ya hana, ka kuma nemi a tura ka wajen masu gashin ƙashi domin su gwada ƙarfin tsokarka su tsara maka atisaye. Mutane da yawa a nan suna jingina kowane ciwon ƙugu ga basir ko sanyi, su shekara suna shan jiƙe-jiƙe kafin su ga likita. A ganina wannan jinkiri ya fi cutar da masu tarin fukan ƙashi fiye da kowa.

Gane irin ciwonka

Bayan an tabbatar babu haɗari, abu na farko shi ne ka ɗauki mako guda kana lura da abin da ke tayar da ciwon da abin da ke kwantar da shi, domin masu zaizaya ba iri ɗaya ba ne. Wani sunkuyawa ce take tayar masa, da dogon zama, da tari ko atishawa, kuma yana samun sauƙi idan ya miƙe ya taka; wannan galibi faifai ne ke damunsa, kuma tafiya da ƙafa ta fi dacewa da shi a farko, keke mai sa mutum ya duƙa kuwa sai daga baya. Wani kuma, musamman wanda ya haura shekara 55, doguwar tsayuwa da tafiya ne suke sa ƙafafunsa nauyi da sagewa, da zarar ya zauna ko ya ɗan duƙa sai su sake; wannan alama ce ta ƙuntatar hanyar da jijiyoyi suke bi, kuma shi keke ya fi masa, tafiyarsa kuma a yanka ta gajeru-gajeru da hutu a tsakani. Wanda bai bambance waɗannan biyu ba zai iya kwaikwayon atisayen da ya warkar da abokinsa ya ƙara wa kansa ciwo.

A cikin wannan mako ka lissafa duk nauyin da baya ke ɗauka a yini, ba na fili kaɗai ba. Zaman ofis na sa'o'i, da hawan kabu-kabu a kan hanya mai gargada, da duƙawa a gonar albasa, da jan guga a rijiya, da sauke buhu a kasuwa, ga mata kuma goyo da daka da wanki a sunkuye, duk baya ɗaya ne yake biyansu. Ranar da aikin ya yi nauyi, atisayen ranar ya zama mai sauƙi.

Sai kuma ma'aunin da za ka riƙe har ƙarshe. Ka auna ciwo daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma mafi tsananin ciwo. Ciwon da bai wuce 3 ko 4 ba a lokacin atisaye, wanda ya koma yadda yake kafin sa'a 24, kuma bai sauka zuwa ƙafa ba, ba alamar ɓarna ba ce, ana iya ci gaba da shi. Idan ya wuce haka, ko ka tashi kashegari bayan ya fi jiya ƙagewa, to abin da ka yi ya yi yawa, sai ka koma matakin da ya gabata na 'yan kwanaki. Abin lura na musamman shi ne inda ciwon ya nufa: idan yana janyewa daga sharaɓa da cinya yana tattaruwa a tsakiyar ƙugu, wannan ci gaba ne ko da ƙugun ya ɗan ƙara zafi, amma idan yana gangarowa daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa, a dakata da wannan motsi.

Tafiya da ƙarfafa tsoka

Matakin farko tafiya ce, kuma mutanen da suka saba da wasa sukan raina ta. A 2024 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani gwaji da aka yi a Ostareliya a kan mutum 701 da suka farfaɗo daga ciwon baya: waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya da ƙafa tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harkokinsu, waɗanda ba a ɗora ba kuwa kwana 112. Ka fara da minti 10 zuwa 15 a wuri mai shimfiɗe, da ɗan sauri, kana kaɗa hannuwa, domin tafiyar ja da ƙafa ta fi gajiyar da ƙugu. Ka riƙa ƙara 'yan mintuna kowane mako har ka iya minti 30 zuwa 40, sau biyar a mako, ba tare da ciwon ya tashi ba. Harabar filin wasa na Giginya ko kowane filin makaranta mai ƙasa a daidaice ya isa, kuma matan da ba sa son fita suna iya kewaya tsakar gida su cika mintunansu.

Akwai wata dabara game da lokaci. Da dare faifai yana tsotsar ruwa ya cika, shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe, kuma a sa'ar farko bayan tashi daga barci sunkuyawa mai tsanani ta fi takura shi. Don haka wanda zai fita bayan sallar Asuba ya fara da tafiya, kada ya fara da ƙoƙarin taɓa yatsun ƙafa ko ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Game da salla kuwa, ruku'u da sujada a natse motsi ne mai kyau ga yawancin masu ciwon baya, sai dai a yi ruku'u ta hanyar lanƙwasa kwatangwalo tare da dafa gwiwa, a bar gadon baya a miƙe. A kwanakin da ciwo ya tsananta kuma addini ya yi rangwamen yin ta a zaune.

Tare da tafiya za a fara ƙarfafa tsokar da ke kewaye da ƙashin baya. Akwai motsi uku da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya shahara da koyarwa, kuma ba sa buƙatar komai sai tabarma. Na farko, ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, hannuwa a ƙarƙashin ƙugu, ka ɗaga kai da kafaɗu kaɗan daga ƙasa ba tare da ƙugun ya motsa ba, ka riƙe sakan 10. Na biyu, ka kwanta a kan kwiɓi, ka dogara da gwiwar hannu da gwiwoyin ƙafa, ka ɗaga kwatangwalo har jiki ya miƙe, ka riƙe sakan 10, sannan ka juya ɗaya gefen. Idan ƙarfi ya samu sai a miƙe ƙafafu a dogara da gefen tafin ƙafa. Na uku, ka yi tsayuwar rarrafe, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci guda, ba tare da ƙugu ya karkace ko ya gantsare ba, ka riƙe sakan 10 ka sauya. Ana fara kowanne da maimaici biyar ko shida, ana numfashi yadda aka saba, kuma ƙari yana zuwa ne ta yawan maimaici, ba ta tsawaita riƙo har jiki ya fara rawa ba.

Waɗannan ukun farawa ne kawai. Bayan mako biyu ko uku sai a shigo da tsokar mazaunai da cinyoyi, domin idan suka yi rauni ƙugu ne yake ɗaukar aikinsu: a kwanta rigingine a ɗaga mazaunai sama, a tashi daga kujera a zauna ba tare da dafa komai ba, a hau dakali a sauka da ƙafa ɗaya, a ɗauki jarkar ruwa a hannu ɗaya a yi tafiya da ita jiki a miƙe. Daga nan sai koyon ɗaga nauyi daga ƙasa, wanda mutane suke tsoro alhali shi ne abin da zai kare su: a tura mazaunai baya, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, a miƙe da ƙarfin ƙafafu. A fara da kilo 5, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako. Abin da ban ga amfaninsa ga mai ciwon faifai ba shi ne irin atisayen cikin nan da ake yi a filaye, inda wani zai danne maka ƙafafu kana tashi zaune sau hamsin, ko a riƙe ƙarfe a kafaɗa ana murɗa ƙugu dama da hagu.

Daga sassarfa zuwa gasa

Ba a fara gudu sai tafiyar minti 30 da sauri ta zama ba komai, kuma za ka iya tsalle a kan ƙafa ɗaya sau goma a kowane gefe ba tare da ciwo ya harba ba. Daga nan sai a gauraya: sassarfa minti 1, tafiya minti 4, a maimaita sau biyar ko shida, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. Kowane mako a ƙara wa sassarfa minti ɗaya a rage wa tafiya, har a kai minti 20 zuwa 30 a jere. Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, ko nisa, ko sauri, ko yawan kwanaki, domin idan aka ƙara biyu tare kuma ciwo ya tashi ba za a san wanne ya jawo ba. Yashi mai zurfi yana sa ƙugu aiki fiye da yadda ake zato, busasshiyar ƙasa mai ramuka kuma tana girgiza shi, don haka a nemi wuri mai ɗan laushi a daidaice, da takalmin da bai cinye ta gefe ɗaya ba.

Ƙwallon ƙafa tana da abubuwan da gudu miƙe ba ya koya wa baya, wato tsayawa kwatsam, da juyawa, da bugu mai ƙarfi, da karo. Ɗan ƙwallo ya fara da gudu mai sauya hanya shi kaɗai, da gajerun bugu da cikin ƙafa, sannan dogon bugu da harbin raga a adadi kaɗan, sannan atisaye da 'yan ƙungiya ba tare da karo ba, sannan wasan ƙaramin fili na minti 15 zuwa 20. Wasa cikakke yana zuwa ne bayan an yi cikakken atisaye na mako biyu ko uku baya bai yi ƙorafi ba, kuma ko a ranar farko rabin lokaci ya isa. Tsofaffin 'yan wasan da suke haɗuwa Asabar da Lahadi kaɗai su ne suka fi shiga matsala, saboda kwana biyar suna zaune a ofis ko shago, rana ta shida kuma su nemi jiki ya yi abin da ya yi shekara ashirin da suka wuce. Wanda ba zai iya ware kwana biyu a tsakiyar mako domin tafiya da ƙarfafa tsoka ba, gara ya rage mintunan da yake bugawa. Ɗumama jiki na minti 10 kafin wasa wajibi ne, balle a lokacin hunturu da tsoka take ƙagewa da safe.

Kokawa ita ce mafi wuyar komawa, domin ta haɗa duk abin da faifai ba ya so a lokaci guda: duƙawa, da murɗawa, da ɗaga mutum mai turjiya, da faɗuwa a yadda ba ka zaɓa ba. Ɗan kokawa kada ya kama kowa sai ya iya ɗaga nauyi mai kusan nauyin abokin karawarsa daga ƙasa cikin natsuwa, sannan ya fara da riƙo da turi da wanda ya yarda da shi, ba tare da kayarwa ba, na makonni. Ya kuma yanke shawara tun a gida a kan ko zai shiga fili, domin idan kiɗa ya tashi aka fara yi masa kirari a gaban jama'a ba zai iya cewa bayansa bai shirya ba. Ɗan dambe ya koyi juyawa da ƙafa da kwatangwalo tare a lokacin kai naushi, kada ƙugu kaɗai ya murɗe. Mai hawan doki ya fara da kilisa ta ɗan lokaci kafin sukuwa, kada hawan Salla ya zama ranar farko da ya koma kan sirdi. Iyo yana da sauƙi ga baya, amma a tafkin wanka mai tsabta, ba a gulbi ko kududdufi ba, saboda tsargiya da haɗarin nutsewa.

Zafi, azumi da magani

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma wannan ya shafi mai ciwon baya ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Magungunan da aka fi sha domin ciwon, irin su diclofenac da ibuprofen, suna takura ƙoda, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan jiki ya bushe da gumi. Suna kuma iya jawo gyambon ciki, musamman idan an sha su ciki babu komai. Shan su kafin wasa domin a danne ciwo kuskure ne ta fuska biyu, domin ban da ƙoda, sun kuma toshe ma'aunin da kake dogara da shi wajen sanin ko ka wuce iyaka. Tramadol ya fi wannan muni, saboda yana kama mutum ya kasa bari. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 game da daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya sun ƙarfafa motsa jiki da wayar da kai, sun kuma yi hani da dogaro da ƙwayoyi masu sa maye irin tramadol, da ɗamarar ƙugu, da na'urar da ake jan ƙashin baya da ita. Ƙulle-ƙullen ƙwayoyin da ake haɗa wa mutum a kemis ba tare da ya san abin da ke ciki ba, a bar su. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko gyambon ciki kada ya sha komai sai da sanin likita.

A lokacin zafi a yi atisaye bayan Asuba ko gab da Magariba, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. A watan azumi a mayar da abu mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki da sa'a ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, a ɗauki watan a matsayin na riƙe abin da aka samu, ba na ƙari ba. Ƙarancin barci yana ƙara jin ciwo, taba sigari kuma tana rage jinin da ke ciyar da faifai.

Game da gashi da ruwan ɗumi ko tausa mai sauƙi, babu laifi idan suna kawo sauƙin da zai ba ka damar motsawa. Amma tattaka gadon baya da ƙafa, ko fizgar ƙugu da sunan mayar da ƙashin da ya goce, ko sakiya da tsaga a kan ƙashin baya, ba sa mayar da faifai yadda yake, kuma ga mai raunin ƙashi ko tarin fukan ƙashi suna iya zama sanadin shanyewar ƙafafu.

Idan ciwon ya dawo

Zai iya dawowa, domin mafi yawan waɗanda suka warke daga ciwon baya sukan sake jin sa cikin shekara guda, kuma dawowarsa ba ta nufin wani sabon abu ya lalace. Idan ya tashi, ka fara duba alamomin haɗarin da aka ambata. Idan babu ko ɗaya, ka rage aiki na kwana biyu ko uku amma kada ka kwanta yini guda a gado, ka riƙa gajerun tafiya sau da yawa a rana, ka sa ɗumi, sannan ka koma atisaye daga mataki ɗaya ko biyu ƙasa da inda ka tsaya. Yawancin irin wannan tashi yana lafawa sosai cikin mako shida. Idan ya wuce haka babu sauƙi, ko ciwon ƙafa ya fi na baya tsanani, a koma wajen likita.

Wanda aka yi wa tiyata lissafinsa yana hannun likitan da ya yi aikin. Bayan cire ɓangaren faifan da ya danne jijiya akan fara tafiya da wuri, wasa mai karo kuwa sai bayan watanni. Idan kuma haɗe ƙasusuwa biyu aka yi da ƙarfe, jiran yakan kai wata shida zuwa shekara, sai hoto ya nuna ƙashin ya kama. Ɗan wasan golf na Amurka, Tiger Woods, an haɗe masa ƙasusuwan ƙasan baya a Afrilun 2017, ya kuma lashe gasar Masters a Afrilun 2019, shekara biyu ke nan ga mutumin da yake da likitoci da masu horarwa na kansa. Wanda aka haɗe wa ƙashi a ƙugu ko a wuya ya tambayi likitansa takamaimai game da kokawa, da dambe, da sukuwa, da tsaron raga, domin a wasu lokutan amsar ita ce a koma keke, ko iyo, ko ƙwallon tebur, ko horar da yara, kuma gara a ji wannan amsa a ɗakin likita kafin a sa suna a wata gasa.